Ya Tuba, Ya Rantse, Ya Koma Ruwa: Me Ke Sake Jan Ɗan Caca?

Duk gidan da ke da ɗan caca sun san cewa ba dainawar ce ke gagara ba. Yaro yakan daina. Yakan goge manhajar bet daga wayarsa a gaban mahaifinsa, ya dafa Alƙur'ani ko ya durƙusa gaban fasto, ya zubar da hawaye, kuma a lokacin babu ƙarya ko ɗaya a ransa. A yi wata biyu, a yi uku, hankalin gida ya fara kwanciya. Rana tsaka sai a nemi kuɗin adashen Mama a rasa, ko mai keke ya zo ƙofar gida yana cigiyar balas ɗin mako guda. Nan take sai a yanke hukunci: tuban muzuru ne, dama can bai yi niyyar bari ba.

Hukuncin yana da sauƙin faɗa, amma kuskure ne mai tsada, domin shi ke sa iyaye da mata da malamai su yi ta ba da maganin da ba na ciwon ba. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da cacar da ta fi ƙarfin mai yin ta cikin kundin cututtukansu. A 2013 suka haɗa ta aji ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, saboda bincike ya nuna hanyoyin da suke bi a ƙwaƙwalwa sun yi kama ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta lissafa ta a sabon kundinta da ya fara aiki a Janairun 2022. Kiran ta cuta bai wanke mai yi daga alhakin kuɗin mutane da ya ci ba. Abin da yake gaya mana shi ne komawa bayan dainawa tana cikin ɗabi'ar ciwon, tana da dalilai, kuma ana iya hango ta tun kafin ta iso.

A 2004 wasu masana biyu a birnin Kalgari na Kanada, David Hodgins da Nady el-Guebaly, suka fitar da sakamakon bibiyar mutum 101 da caca ta yi wa katutu kuma ba su daɗe da dainawa ba. Shekara guda suna bin su. Kashi 8 cikin 100 ne kacal suka cika shekarar ba su taɓa caca ko sau ɗaya ba. Amma abin da ya fi adadin muhimmanci a ganina shi ne amsar da waɗanda suka koma suka bayar da aka tambaye su dalili. Mashayi idan ya koma, galibi yakan ce ɓacin rai ne ya kai shi. Su kuwa 'yan cacar, dalilai biyu suka fi ambata: tunanin cewa wannan karon za su ci, da jin cewa dole ne su samo kuɗi. An kuma lura komawar ta fi faruwa da yamma, mutum yana shi kaɗai, yana saƙa da warwara a kan kuɗi.

A nan caca ta bambanta da sauran jarabobi, kuma wanda bai gane wannan ba zai daɗe yana mamakin ɗansa. Mashayin goskolo a Jos, komai nisan da ya yi, ba ya tunanin cewa kwalba ɗaya ta gaba ce za ta gyara masa hantar da ta lalace. Ɗan caca kuwa haka yake tunani game da bashinsa. Abin da ya jefa shi rami shi ne yake zuwa masa da siffar mafita. Kuma tunanin ba mafarki ne zalla ba, shi ya sa yake da wuyar kankarewa: ya taɓa saka naira ɗari biyu ya ci dubu tamanin, ya san wani a unguwarsu da ya sayi babur da tikiti ɗaya. Zai iya faruwa. Lissafi ne kawai ke cewa kafin ya faru sau ɗaya, an riga an karɓe masa ninkinsa.

Mu ɗauki misalin matashi mai tuƙa keke tsakanin Taminus da Farin Gada a cikin Jos. Ya daina caca yau wata biyu, amma ana bin sa naira dubu ɗari uku: mai keke, wani aboki, da manhajojin ba da rance guda biyu da ke kiran sa safe da yamma suna barazanar tura wa duk lambobin wayarsa saƙon cewa shi macuci ne. Bayan ya sha mai, ya ba da balas, ya bar na cefane, abin da zai iya warewa a wata bai wuce dubu goma ba. Ya ƙirga: wata talatin, shekara biyu da rabi yana biyan kuɗin da bai ci ba bai sha ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ma, wani watan ko dubu goman ba ta samuwa. Da dare ya kwanta, sanyin Jos ya hana fita, sai zuciya ta kawo masa ɗaya hanyar: dubu biyar a kan od sittin, wato tikitin da in ya ci za a ninka masa kuɗin sau sittin, an gama. Bai manta da rantsuwarsa ba. Yana dai ganin cewa ta wannan hanyar ce zai fita kunyar mutane da sauri, sannan ya tuba tuba ta gaskiya.

Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa wannan ba halin 'yan caca kaɗai ba ne, halin ɗan Adam ne. Zafin asara ya fi daɗin riba, kusan ninki biyu. Mutumin da ke cikin riba yakan yi taka-tsantsan, amma wanda ke cikin asara ya fi yarda ya yi kasada da ya karɓi asarar da ta tabbata. Shi ya sa za ka ji ɗan caca yana cewa, “Kuɗina na wurinsu, in karɓo kawai in bari.” Ka lura da maganar. A ransa kuɗin ba su tafi ba, ajiya ya ba su. Muddin bai yarda cewa sun tafi har abada ba, dainawarsa hutu ce. Wannan yarda kuwa makoki ce sosai, tana da ciwo, kuma mutane da yawa sun gwammace su ci gaba da zubawa da su zauna su yi ta. Irin tunanin ne ya sa wasu da MMM, harkar zuba kuɗin nan ta damfara, ta cinye wa kuɗi a 2016 suka ruga zuwa makamanciyarta ta gaba don su fanshe.

Sai maganar da ta fi kowace yawa a bakin masu buga bet: “Yaya, wallahi gem ɗaya ne ya yanka ni.” Ana faɗin ta da takaici, amma a ƙarƙashin takaicin akwai alfahari da ƙwarin guiwa: ai na kusa, ai na iya. Bari mu yi lissafin a fili. A ce mutum ya jera wasa goma a tikiti ɗaya, kuma kowane wasa damar ya zo daidai ta kai kashi 80 cikin 100, wato ya zaɓi manyan ƙungiyoyi a gidajensu. Damar duka goman su zo ba ta kai kashi 11 cikin 100 ba. Damar tara su zo ɗaya ya yanke kuwa ta kusa kashi 27. Idan wasa goma sha biyar ne, cin tikitin kashi uku da rabi ne, yankewar wasa ɗaya kashi 13. Ma'ana, “saura ƙiris” ya fi ci yawan faruwa ninki biyu da rabi zuwa kusan huɗu, ba don ƙwarewar mai bugawa ba, haka tsarin tikitin yake. Ga kuma ribar kamfani da ke cikin kowane od. Idan kashi 5 cikin 100 suke cirewa a kowane wasa, to a tikitin wasa goma abin ya taru ya kai kusan kashi 40: kowace naira dubu da jama'a suka zuba, kimanin ɗari shida ke dawowa hannunsu.

Ƙwaƙwalwa ba ta bin wannan lissafin. A 2009 Luke Clark da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna buga na'urar caca. Suka ga cewa idan mutum ya kusa ci bai ci ba, sassan da ke motsawa lokacin cin kuɗi su ne ke motsawa, kuma duk da ya ce abin bai yi masa daɗi ba, sha'awarsa ta sake bugawa tana ƙaruwa. A harbi ko koyon sana'a, kusantar daidai alama ce ta ci gaba, kuma ƙwaƙwalwa ta saba ɗaukarsa haka. A caca babu abin da yake nunawa. Wanda ya daina yana tafe da tarin irin waɗannan tikitoci a ransa, wasu ma hotonsu na nan a wayarsa, kuma su ne ke fara yi masa magana.

Cacar ƙwallo tana da wani tarko na daban, kuma a Jos tarkon ya fi kama mutane, domin gari ne da ya san ƙwallo. Garin da aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, garin Mighty Jets da Plateau United, yaro ɗan shekara goma sha biyu zai zayyana maka wanda ya ji rauni a bayan Arsenal da wanda aka dakatar. Sai mutum ya ce, “Ni ba caca nake ba, nazari nake.” Ellen Langer ta nuna a 1975 cewa da zarar an ba mutum damar zaɓa da hannunsa, ko da a wasan sa'a ne tsantsa, sai ya ji kamar yana da iko a kan sakamakon. Duk abin da ɗan unguwa ya sani game da wasan, kamfanin ya riga ya sani ya zuba shi cikin od. Amma duba yadda abin ke aiki a kan wanda ya tuba. Yana zaune gidan kallo ranar Asabar, bai saka ko sisi ba, a zuci kawai ya ce wannan wasan za a ci ƙwallo uku. Aka ci uku. Sai ya ji wani abu ya soke shi: da na saka! Hasashe biyar da ya yi a zuci suka faɗi, bai riƙe ko ɗaya ba. Wannan ɗayan zai kwana da shi. Ina ganin wannan cacar zuci tana cikin manyan ƙofofin komawa, kuma kusan babu mai tambayar ɗansa game da ita, domin babu kuɗin da ya fita.

Akwai kuma abin da ke faruwa tun kafin tunani ya fara. A shekarun 1990 Wolfram Schultz ya yi gwaji da birai: a nuna musu wata alama, sannan a ɗiga musu ruwan 'ya'yan itace. Da farko ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu sakin sinadarin dofamin suna motsawa ne idan ruwan ya iso baki. Da birin ya saba, sai motsin ya koma kan alamar. Daga baya, a 2003, shi da abokan aikinsa suka gano cewa motsin jira ya fi ƙarfi idan ladan rabi da rabi ne, ko ya zo ko kada ya zo. B. F. Skinner ma tun a shekarun 1950 ya ga cewa tantabarar da ake ba hatsi jefi-jefi ba tare da tsari ba, ita ce ta fi daɗewa tana saran maɓalli bayan an daina ba ta. Ɗabi'ar da aka koya da ladan da ba a san ranar zuwansa ba ta fi kowace wuyar mutuwa.

To mene ne irin waɗannan alamun a wurin ɗan caca? Ƙarar alat. Ƙarfe uku na yammacin Asabar. Taken gasar Zakarun Turai daren Talata da Laraba. Kalar shagon da ke kan hanyarsa ta zuwa aiki. Zauren WhatsApp ko Telegram da ake turo kod a ciki, wato lambar tikitin da wani ya riga ya haɗa. Saƙon da kamfani ke aiko wa wanda ya kwana biyu bai shiga ba, wai ga kyautar bugu ɗaya. Sunan kamfanin caca a ƙirjin ɗan wasan da yake ƙauna. Abin ya kai har ƙungiyoyin Firimiya ta Ingila da kansu suka amince a Afrilun 2023 su cire irin wannan talla daga gaban riga bayan kakar 2025/26. Kowace ɗaya daga cikin alamun nan tana iya sa zuciya ta buga, tafin hannu ya yi gumi, mutum bai ma yanke shawarar komai ba. Shi ya sa wanda ya daina a watan Yuni, lokacin da manyan gasannin Turai ke hutu, bai kamata ya yi saurin yabon kansa ba. Jarabawarsa tana watan Agusta. Haka wanda ya bari a Ramadan: azumi ya canja masa lokacin barci, abokan zama da wurin zama, sai bayan Salla komai ya koma mazauninsa, alamun su dawo gaba ɗaya.

Mutane sukan ɗauka rashin kuɗi ne kawai ke mayar da mutum. Samun su ma yana yi, wani lokaci fiye da rashin. Albashi ya shiga, ko ɗan haƙar kuza a wajen Bukuru ya dace da rami mai kyau, ko mai tumatir ya sayar da lodi da daraja, ko kwasar adashe ta zo kansa. Rai ya yi fari, ga wata uku bai buga ba, sai zuciya ta ce ai yanzu ka fi ƙarfin abin, ɗari biyar ba za ta kashe ka ba, ka gwada ka ga. A binciken Kalgari an samu masu komawa cikin farin ciki kamar yadda aka samu masu komawa cikin baƙin ciki.

Alan Marlatt, wanda shi da Judith Gordon suka shimfiɗa ilimin rigakafin komawa a 1985, ya ja hankali ga ƙananan shawarwarin da mutum ke yankewa waɗanda a ido ba su da alaƙa da jarabar. Bari in bi ta wannan layin, ya fi kusa. Bari in sauke manhajar don duba sakamakon wasa kawai. Bari in bar dubu goma a wannan asusun da matata ba ta sani ba, saboda ko-ta-kwana. Bari in leƙa wurin su wane, an kwana biyu ba a gaisa ba. Babu ɗaya da za a kira caca, kuma kowace tana da hujja mai kyau. Amma idan ka jera su za ka ga komawar ta fara ne tun ranar Laraba, ranar Asabar kawai aka kammala ta.

Ba kowa ke komawa don kuɗi ba. Akwai wanda ya daina ƙirga ci da faɗuwa tuntuni, abin da yake nema shi ne 'yan sa'o'in da ba zai ji komai ba. Irinsu ne suka fi maƙalewa wasannin kwamfuta da ake gamawa cikin minti biyu ko uku, ko wasan jirgin nan da ke tashi ya faɗi cikin daƙiƙoƙi, domin ba su barin sarari ko na numfashi balle tunani. Matashin da ya gama digiri shekara huɗu yana zaman jira, matar da ke kwana da ɓacin ran da ba ta da wanda za ta faɗa wa, mutumin da ya rasa ɗan'uwa ko shago a rikice-rikicen da garin nan ya gani bai taɓa samun wanda ya zauna ya saurare shi ba. Waya ta sa ba sai an gan ka a shago ba, don haka mata da magidanta masu kamala suna ciki, a ɓoye. Idan aka raba irin wannan mutumin da caca aka bar shi da abin da yake gudu, an bar shi da sa'o'i biyar ko shida a rana da babu komai a cikinsu sai damuwar. Faɗa ɗaya da maigida ko da uwargida ya isa.

Yanzu ga wurin da nake ganin mu, 'yan uwa, muke da hannu dumu-dumu. Zamewa sau ɗaya daban, rugujewa daban. Mutum ya saka ɗari biyar bayan wata uku, wannan zamewa ce. Abin da ke mayar da ita rugujewa shi ne maganar da ya gaya wa kansa a sa'ar da ta biyo baya. Marlatt ya bayyana shi dalla-dalla: wanda ya ɗauki dainawarsa a matsayin ko duka ko babu, da ya zame sai ya ce shi ke nan, na karya rantsuwa, ni dama ba mutumin kirki ba ne, wata ukun sun tashi a banza. Tunda an riga an ɓata, bari a ɓata gaba ɗaya. Kuma tunda ba zai iya tunkarar Baba ya ce ya sake ba, dole ya mayar da ɗari biyar ɗin kafin a gane, sai ya saka dubu biyu, sai goma. Kafin asuba kuɗin haya sun tafi.

Mu ne muke gina wannan tarkon idan muka tara dangi, muka sa shi ya dafa Alƙur'ani, muka ce, “Ka sake, ba ni ba kai.” Niyyarmu mu tsorata shi. Abin da ya ji shi ne, duk ranar da ka zame, ka ɓoye. Addinin da muke rantsar da shi da shi kuwa bai rufe ƙofar haka ba. Haramcin caca a fili yake a aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida, babu mai sassauta shi. Amma ayar da ke gabansu, ta 89, ita ce ta kaffarar rantsuwa: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Wato an san mutum zai iya zamewa, an kuma ba shi aikin da zai yi nan take ya miƙe. Ina roƙon malamai da fastoci su riƙa faɗin wannan ɓangaren da ƙarfin da suke faɗin haramcin, domin kunya da ɓoyo suna kisa. Wani bincike a Suwidin a 2018, kan mutum sama da 2,000 da aka tabbatar suna da wannan cuta, ya samu cewa yawan kashe kai a cikinsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 15. Idan ɗan caca ya fara cewa gara ya huta, ko kowa zai fi samun sauƙi in ba shi, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kai shi asibiti a ranar.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma ƙauna ce ke jawo shi. Hajiya ta sayar da sarƙarta, Yaya ya ciro daga jarinsa, a biya bashin gaba ɗaya a rufa asiri. Dogaro da wasu su fitar da mutum daga ramin bashin caca yana cikin alamomi tara da likitoci ke dubawa, waɗanda idan huɗu suka taru a shekara guda ake cewa cutar ta kama. Biya a dunƙule yana koya masa cewa ramin yana da ƙasa mai laushi, yana kuma buɗe masa sabon shafin rance. Barin sa da bashin shi kaɗai kuma, mun riga mun ga inda yake kai shi da dare. Hanyar tana tsakiya, tana da wahala, amma ita ce ke taɓa ainihin ciwon. A zauna a rubuta bashin duka a takarda, har wanda yake jin kunyar faɗa, domin bashin da aka ɓoye shi ne zai mayar da shi. Wani babba da ake jin nauyinsa ya je wurin masu bin bashi a nemi sassauci da lokaci. Biyan ya fito daga guminsa, kaɗan-kaɗan, kuma ya tafi kai tsaye hannun mai shi. Idan dangi za su taimaka, su taimaka da buhun masara ko kuɗin makarantar yara a biya a makarantar, kada a danƙa masa. Abin da ake so shi ne ya kwanta da dare ya san cewa akwai tsari, an daina kiran sa, ba sai ya nemo dubu ɗari uku kafin Juma'a ba.

Sannan a raba shi da kuɗi na wani lokaci, da yardarsa. Katin banki da lambar sirri su koma hannun matarsa ko yayansa, alat ya riƙa shiga wayar wani, a ba shi na kashewar yini. Wasu mazan za su ji wannan kamar an tuɓe musu rawani, na sani. Amma sha'awar caca ba ta zama daram. Takan taso, ta yi tsanani, ta sauka, sau da yawa cikin ƙasa da sa'a guda idan ba a biya mata ba. Duk abin da zai sa tazara tsakanin tasowarta da isa ga kuɗi, ko ƙaramar waya marar intanet ce, ko fita daga zaurukan kod, ko rufe asusu a kamfanonin, yana ba ta lokacin sauka. Wanda ya ce zai dogara da ƙarfin zuciya alhali manhaja na aljihunsa da kuɗi a ciki, ya ɗora wa kansa abin da ba a ɗora masa ba. Maganar ƙwallo kuma a duba mutum: wani sai ya ƙaurace wa kallo na wasu watanni, wani ya isa ya bar gidan kallo ya kalla a gida tare da wanda ya san halin da yake ciki. Yammacin Asabar dai kada a bar ta fanko.

Ranar da ya zo ya ce, “Yaya, na zame,” wannan ci gaba ne, domin a da sai dai a kama shi. Tambayoyin da suka dace su ne nawa, yaushe, kana ina, kai da wa, me ya faru kwana biyu kafin nan, ta ina kuɗin suka zo hannunka. Amsoshin za su nuna ƙofar da aka bari a buɗe. A sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos akwai likitoci da masana halayyar ɗan Adam, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin hauka. Jinyar da ta fi samun shaidar aiki a kan caca ta zama ce da tattaunawa, inda ake bin tunane-tunanen nan ɗaya bayan ɗaya, na kusa ci, kuɗina na wurinsu, wannan karon daban ne, ana gwada su da lissafi har mutum ya koyi kama kansa. A nan ne kuma za a duba ko akwai ciwon damuwa ko shan tiramadol da kodin a ƙarƙashi, domin idan suna nan ba a taɓa su ba, za su ci gaba da jan sa. Wanda kuma caca ta taso masa kwatsam bayan fara wani magani, musamman na ciwon karkarwa na Fakinsin, ya gaya wa likitansa, domin an san wasu magungunan da ke taɓa dofamin suna haifar da haka.

Wani nauyin ya fi ƙarfin gida. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, kowace jiha ita ke da ikon tsara harkar a cikinta. Ke nan alhakin ya sauka a kan gwamnatin Filato da majalisarta. Rufe shaguna kaɗai ba zai wadatar ba tunda shagon ya koma cikin waya, kuma rufe asusu a kamfani ɗaya ba ya hana buɗe wani a na gaba cikin minti biyar. A Birtaniya tun 2018 akwai rajista guda da mutum zai sa sunansa a toshe shi daga kamfanonin caca na intanet masu lasisi, na wata shida, ko shekara, ko shekara biyar, kuma a Afrilun 2020 suka hana yin caca da katin bashi. Jihar da ke ba kamfani lasisi tana karɓar haraji tana da ikon gindaya masa irin wannan sharaɗi: rajista ɗaya da aka ɗaure da lambar NIN ko BVN, wadda duk kamfanoni za su bi, da hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya aika wa mutumin da ya sa sunansa a ciki saƙon kyautar bugu.